Rabin ajin unguwarmu ya cika: a rufe rajista ko a ci gaba da karɓa?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma na san ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Hanifa ta cika shekara biyar a watan Yuli. Bara tana wata ƙaramar makarantar kuɗi a bayan layinmu, bana suka ƙara kuɗin zango, ga yayyenta biyu, babansu ya ce wallahi ba zai iya ba. Sai muka kai ta rabin aji a firamaren gwamnati ta unguwarmu nan Kaduna. Ranar Litinin na raka ta har ƙofar aji, abin da na gani ya hana ni barci. Yara a kan tabarma gwiwa na gogar gwiwa, wasu a bakin ƙofa, wasu a baranda, malama ɗaya tal. Na tambaye ta su nawa ne, ta buɗe rajista ta nuna min, sunaye sun haura ɗari. A gabana aka kawo wasu biyu aka rubuta. Akwai wani yaro da ko magana bai gama iyawa ba, yana ta kuka yana neman yayarsa da ke aji uku. Don Allah me ya sa ba a rufe rajista idan aji ya cika? Kuma in bar ta a nan, ko in ajiye ta a gida sai baɗi ta shiga aji ɗaya?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ina cikin SBMC, wato kwamitin iyaye da jama'ar gari mai sa ido kan makarantar unguwarmu, shekara biyu ke nan ina faɗin maganar nan a duk zama. A sa ƙa'ida: shekara biyar cif, a zo da takardar haihuwa, idan an kai adadin da aji zai ɗauka a ja layi. Tulu idan ya cika, duk ruwan da ka ƙara ƙasa yake zuba. Yanzu da wanda ya isa karatu da wanda bai isa ba duk sun yi asara.

Ummu Yasir:
Kada ki ajiye ta a gida, 'yar'uwa. Ko ba komai za ta saba da riƙe fensir da zaman aji. Nawa da ya zauna a gida sai da ya yi zango guda yana kuka a aji ɗaya.

Malama Inna:
Salamu alaikum. Ni malamar rabin aji ce, shekarata tara a cikinsa, don haka bari in gaya muku su wane ne yaran nan da ake cewa sun haura ɗari, tunda daga waje kai kawai ake ƙirgawa.

Kashin farko su ne irin Hanifa, 'yan shekara biyar, waɗanda don su aka buɗe ajin. A ajina ba su kai rabi ba.

Kashi na biyu muna ce musu 'yan rakiya. Uwa za ta fita aikatau ko kasuwa, ko tana da jariri ga girki ga wanki, sai ta haɗa ɗan shekara uku da yayarsa ta ce ku tafi tare. Yayar ba za ta iya shiga ajinta da shi ba, sai ta dire min shi a ƙofa. In na ce a mayar da shi gida, ita ma yayar gobe ba za ta zo ba, don ita za a ɗora wa raino. Na gwada, na ga abin da ya faru. Yarinya mai ƙoƙari 'yar aji huɗu na rasa ta haka, har yau abin yana damuna.

Kashi na uku su ne suka fi tsaya min a rai. Yara 'yan bakwai, 'yan takwas, har 'yar tara na taɓa samu, waɗanda iyayensu suka baro ƙauyuka saboda 'yan bindiga, daga wajen Birnin Gwari, Giwa, ƙauyukan Igabi da Chikun, wasu ma daga Zamfara da Neja. Ba su taɓa shiga aji ba. Malamin aji biyu zai ce ba su san A ba, ya turo min su. Sai ka ga zankaɗeɗen yaro zaune cikin ƙanana yana sunkuyar da kai don kunya. Irin waɗannan in ba a ja su a jiki ba, sati biyu suke yi su ɓace.

Ga kuma harshe. Yawanci Hausa suke ji, amma duk shekara ina samun ɗan Fulani da sai Fulatanci, ina samun Gbagyi, Nufawa, Yarbawa, wani lokaci Barebari. Su ba su da matsala sosai, kafin zango ya ƙare sun kama Hausa a wajen wasa.

Baban Sadik, idan ka ce sai da takardar haihuwa, wa ka kora? Ɗan ma'aikaci yana da ita. Wanda aka haifa a ɗaki hannun ungozoma, ko wanda aka ƙona garinsu suka fito da kayan jikinsu, shi ne ba shi da ita.

Baban Sadik:
Malama, Allah ya saka miki, ban raina aikinki ba. Amma ki faɗa min tsakaninki da Allah, cikin yaran nan nawa ne suke fita daga hannunki sun iya rubuta sunansu?

Malama Inna:
Kaɗan ne, ba zan ɓoye ba. Kafin in gama kiran suna, in raba faɗa, in kai wannan bayan gida, in wanke wa wancan, an kusa fita tara. Amma suna fita sun iya ƙirga ɗaya zuwa ashirin, sun san layi, sun san ɗaga hannu, sun daina tsoron makaranta. Malaman aji ɗaya suna gane wanda ya bi ta hannunmu tun satin farko.

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Na bar aiki da daɗewa, amma maganar nan tawa ce, ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Lokacin da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, mu ne muke bin gida gida da mai unguwa muna roƙon a ba mu yara. Wasu iyayen ɓoye 'ya'yansu suke yi a rumbu. Babu maganar takardar haihuwa, sai mu ce yaro ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu, in ya kamo ya isa aji ɗaya. Wanda bai kamo ba, in ya nace da biyo yayyensa, a zaunar da shi gindin bishiya ko a bayan aji, daga nan sunan rabin aji ya samo asali a bakin mutane. Ba shi da malami na kansa, ba shi cikin lissafin kowa.

Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ce ta ambaci kula da ƙananan yara a cikin shirin. Sannan manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta ce kowane yaro ya yi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, a cikin firamaren gwamnati, kuma malami ɗaya ya riƙe yara 25. Ku riƙe wannan adadin, 25. Ku dube shi, ku dubi rajistar da aka nuna wa Maman Hanifa. Kuɗin da UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, ke bai wa jihohi daga kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ne, sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma a tsarin rabon da aka fara da shi, kashi 5 cikin ɗari kacal aka ware wa ƙananan yara. Wato an buɗe ƙofa da faɗi, ɗakin kuwa ba a ƙara masa ko taku ɗaya ba.

Abin da nake so ku gane, cikar ajin nan abin da muka yi shekara da shekaru muna roƙon Allah ne. Mutanen da kakanninsu suka ɓoye yara, yau su ne suke kawo ɗan shekara uku da kansu. Ni ba zan iya buɗe baki in ce a mayar da su ba. Hedimastan da ya rufe rajista ya huta, amma yaran ba ɓacewa za su yi ba, suna nan a bakin kwata da bakin titi, sai dai sun fita daga takarda. Kuma abin da ba ya cikin takarda, ba a gina masa aji. Duk shekara ana ƙidayar makarantu, da ita SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ke duba inda ake buƙatar malami da gini. In ka rubuta 40 alhali unguwarka tana da 120, kai da kanka ka ce ba ka buƙatar komai.

Abban Nana:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma ina da ja a kan maganar ƙidaya. Mun ga abin da ya faru a 2016 da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta fara ciyar da 'yan firamare, Naira 50 kan kowane yaro. Makarantu suka cika maƙil, rajista ta kumbura, ana gama cin abinci rabin yara su watse. Suna a takarda daban, yaro a aji daban. In ana rubuta kowa ba tantancewa, ta yaya gwamnati za ta san gaskiyar adadin?

Tsohon Hedimasta:
Gaskiyarka ɗana, an yi haka, na gani da idona. Maganinsa a riƙa kiran suna kullum, a ware masu zuwa da waɗanda suka daina, kuma a rubuta shekarun kowa ko da kintace ne. Rajista biyu muke da ita tun asali, ta shiga da ta halarta. Ta biyun ce ake sakaci da ita. Amma yaron da ya zo don abinci, ai yunwa ce ta kawo shi, ita ma abin rubutawa ce.

Anti Ladi:
Sannunku. Ni daga Kudancin gari nake, wajen Kakuri na tashi. Ina karanta bayanin Malama Inna sai na tuna ajinmu. Lokacin masaƙu suna aiki, ajinmu babu ƙabilar da babu: Hausawa, Bajju, Atyap, Tibi, Idoma, Ibo, Yarbawa, Musulmi da Kirista a benci ɗaya. Ƙawata ta kusa 'yar Tudun Wada ce, a gidansu nake cin tuwon sallah, ita kuma ta zo mana Kirsimeti. Bayan rikicin 2000 da na 2002 kowa ya kwashe ya koma inda nasa suke, kogi ya raba mu, masaƙun ma suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Yau jikana yana rabin aji a wajen Sabon Tasha, na tambaye shi ko akwai Musa ko Amina a ajinsu, ya ce babu. Na tabbata a Rigasa ma in ka tambayi yaro ko akwai Bulus zai ce babu. Wannan yana damuna fiye da cunkoso. Cunkoson kuwa mu ma muna da shi, har da yaran da aka kawo daga ƙauyukan Kajuru. Ciwon ɗaya ne, Malama.

Maman Hanifa:
Anti Ladi wallahi kin sa na yi shiru. Babata tana ba mu irin wannan labarin, a Kakuri ta yi firamare ita ma.

Baban Sadik:
Anti, maganarki gaskiya ce. Amma mu dawo kan ajin nan. Ni tela ne, dubu nawa nake samu? Ba ɗan masu kuɗi nake karewa ba, ɗana ne a ciki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, mutane irin su Maman Hanifa suke ta dawowa daga makarantun kuɗi, kuma suna da haƙƙi. Kullum ana ƙaruwa, ɗaki ɗaya, taga biyu. Lokacin zafi fa? In yaro ɗaya ya zo da ƙyanda ko tari, su nawa za su kwasa? In wani ya sulale ya fita titi, wa za a kama? Malama za a kama. Kuna cewa a karɓi kowa, amma ranar da abu ya faru ita kaɗai za a bari.

Malama Inna:
Wannan tsoron da shi nake kwana, Baban Sadik. Akwai ranar da na ƙirga bayan tara na ga babu ɗaya. Na bar ajin a hannun wata 'yar aji shida na fita ba takalmi. A gindin mai rake na same shi, ya bi wani da ya zata yayansa ne. Ban gaya wa kowa ba sai yau.

Hajiya Kaka:
Innalillahi. Allah ya tsare mana. To ni tambayata, ina iyaye mata? A Islamiyyar unguwarmu yara sun fi haka yawa, amma akwai manyan mata biyu da suke zama da ƙanana, muna haɗa musu ɗan abin sabulu duk wata. Me zai hana a yi haka a boko? Ni na yaye nawa, jikoki ne, zaman gida nake. In an ce in zo in zauna da 'yan rakiyar nan a baranda daga takwas zuwa sha ɗaya, in yi musu waƙa da tatsuniya, in kai su bayan gida, zan zo kwana biyu a sati. Malama ta ji da 'yan biyar ɗin.

Abban Nana:
Hajiya, niyyarki mai kyau ce, amma in muka toshe ramin da kanmu, gwamnati za ta ce ai komai lafiya. A 2017 an sallami malamai sama da dubu 21 bayan jarrabawar gwajin ƙwarewa da gwamnatin jihar ta yi musu, aka ce za a ɗauki dubu 25. Ko wane ɓangare mutum yake a wancan rikicin, tambayata ita ce cikin waɗanda ake ɗauka nawa ne suka karanci renon ƙananan yara? Ana koyar da shi a matakin NCE, wato takardar shaidar malanta, ga kwalejin ilimi ta Gidan Waya, ga cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, hedikwatarta a nan garin. Amma a makarantu da yawa wa ake bai wa rabin aji? Malamar da ta kusa ritaya ko mai jego, a ce ta je ta huta. Ajin da ya fi kowanne wuya shi aka mayar wurin hutu.

Malama Inna:
Haka aka ba ni shi, ina goyon ɗana na biyu. Daga baya na ƙi barinsa da kaina.

Hajiya Kaka:
Ɗana, kai ka rubuta takardar ka kai, ni in zauna da yaran. Kafin amsa ta dawo, yaron nan mai kuka ya kai aji uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tsohon Hedimasta:
Ku biyun duk a yi. Amma Hajiya, a bi ta hannun hedimasta da kwamiti, a rubuta sunayen matan da za su zo, kada kowa ya shigo wa yara kai tsaye. Kuma Baban Sadik, tunda kana kwamiti, ga abin da zan ba ka shawara. Ku zauna da Malama ku raba rajistar gida uku kamar yadda ta zayyana, kowane yaro da shekarunsa, mace ko namiji, da unguwar da yake fitowa. Wanda ba shi da takardar haihuwa a duba katin rigakafi, in babu a tambayi uwa da wace sallah ko wace damina ta haife shi, mata ba sa mantawa. Ku roƙi ma'aikatan hukumar ƙidaya su zo makaranta rana guda su yi wa yaran rajistar haihuwa, a asibitocin unguwa ma suna zama. Sannan ku ɗauki takardar nan ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku da mai unguwa, ku ce ga 'yan biyar kaza, ga 'yan ƙasa da haka kaza, ga manya kaza da suke buƙatar a koya musu a gaggauce su tarar da sa'o'insu. Wanda ya je da "aji ya cika" za a ce masa ko'ina ma haka ne. Wanda ya je da suna da shekaru ya fi wuyar sallama.

Abu ɗaya kuma ku duba min. A rabin aji za ku ga mata sun kai maza, wani wurin har sun fi. Ku je aji biyar da shida ku sake ƙirgawa. Inda suka zube a tsakani, nan aikin kwamiti yake.

Baban Sadik:
Baba na ji, kuma zan kai maganar zaman Asabar. Amma ban janye ba. Ko an raba su uku, ni a ganina 'yan ƙasa da huɗu gida ya kamata su zauna har sai an sami ɗaki da mai kula da su. Baranda ba aji ba ce, damina tana zuwa da iska.

Ummu Yasir:
Wane gidan, Baban Sadik? Gidan hayarmu ɗaki tara ne, da safe duk matan sun fita nema sai tsohuwa ɗaya da ba ta gani sosai, ga rijiya a tsakar gida.

Maman Hanifa:
Na gode muku ƙwarai. Na yi magana da babansu, za mu bar ta. Da yamma bayan Islamiyya zan riƙa zama da ita muna bitar abin da aka yi. Hajiya Kaka, in an fara zaman nan a sa ni ranar Laraba, ita ce ba na zuwa kasuwa. Akwai tabarma babba da ba ma amfani da ita, zan kai, da buta biyu. Amma gaskiya har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, kullum sai na tsaya a ƙofa na ga ta zauna kafin in tafi.

Ɗan Birnin Gwari:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. 'Ya'yan yayana uku suna hannuna tun bayan rasuwarsa, babbar shekararta takwas, sai mai shida, sai ƙaramin bai kai huɗu ba. Ba wanda ya taɓa shiga boko, makarantar garinmu an daɗe da rufe ta. Ba su da takardar komai, ba mu fito da ita ba. Wata biyar ke nan ina jin nauyin kai su, kada a tambaye ni abin da ba ni da shi a gaban mutane, ga yunifom ban ɗinka ba tukuna. Malama, in na kawo su za a karɓa?

Baban Sadik:
Allah ya ji ƙan yayanka. Ka kawo min su shago in gwada su, akwai ragowar yadi, ba sai ka biya ɗinki ba.

Malama Inna:
Allah ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari. Malam, ka kai su makarantar gwamnati mafi kusa da ku ranar Litinin kafin takwas, ka nemi hedimasta kai tsaye, ka gaya masa daga inda kuka fito. In mai unguwarku zai raka ka ya fi. Su je da kayan gida, kada ka jira yunifom. Babbar ka roƙa a gwada ta a aji ɗaya ko biyu, kada a zaunar da ita cikin ƙanana, in ya so malamar rabin aji ta riƙa jan ta lokacin tara. Ka ba kowa robar ruwansa, ƙaramin kuma ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa masa a aljihu.